Yadda Za Ka Tattara Salsalar Danginku Ka Kuma Riƙe Ta: Jagora ga Hausawan Sudan

Kusan kowane babban gida na Hausawa a Sudan yana da mutum guda da ake komawa wurinsa in magana ta zo kan wane ɗan wane ne. Yawanci tsohuwa ce. Ita ta san mai shagon nan na kasuwar Gadarif jikan ƙanwar kakanku ne, ita ta san wa ya sha nonon wa, ita ke riƙe da sunan ƙauyen da aka baro a ƙasar Katsina ko Haɗeja ko Damagaram. Ko harafi ɗaya ba ta rubuta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, irin waɗannan tsofaffi sun watsu tare da iyalansu, wasu Kassala, wasu Bur Sudan, wasu Masar, wasu wurin 'yan uwa a Jidda da Makka. Takardun da ke ƙasan akwatunan ƙarfe kuwa da yawa sun salwanta a gidajen da aka fita aka bari a guje. Saboda haka wanda ya ce zai ɗauki nauyin rubuta salsalar gidansu yau, don Allah da zumunci ba don a biya shi ba, ya san lokaci ba ya jiransa.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin gaba ɗaya: kada ka rubuta wani bayani ba tare da ka rubuta wanda ya faɗa maka, da ranar da ya faɗa, da kuma ko ya gani da idonsa ne ko shi ma ji ya yi ba. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi, kai ma haka za ka yi da maganar dangi. Kundin da ya ce "an haifi wane a Maiurno" kawai, ranar da wani ya musanta ba ka da abin kare shi. Wanda ya ce "an haife shi a Maiurno, in ji 'yarsa ta biyu, a hirar da aka yi da ita a watan kaza, amma takardar jinsiyyarsa, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ta ce Sinnar", wannan ko bayan ranka mai karatu zai iya auna maganar da kansa.

Izini da iyaka

Kada ka fara da buɗe zauren WhatsApp kana kiran kowa ya turo sunan ubansa. Fara da babban gidan. Ka je ka gaishe shi, ka zauna, ka ce: "Baffa, na ga manya suna ta tafiya, yaranmu na Madani ba su san na Damazin ba. Ina so in rubuta zuriyar Kaka, in kun yarda." In ya sa albarka, ƙofofin sauran gidaje za su buɗe maka da kansu. Ka nemi irin wannan yarda daga babbar gwaggo ma, domin rabin abin da kake nema a ɗakunan mata yake.

Sannan ka yanka wa kanka iyaka. Mafi sauƙi shi ne ka ɗauki kakan da ya fara shigowa Sudan, ka bi zuriyarsa ƙasa, maza da mata. Abin da ke sama da shi, wato iyayensa da suka rage a yamma, ka buɗe masa shafi dabam. Wanda ya ce zai rubuta kowa da kowa, har dangin surukai da dangin surukan surukai, ba ya gamawa.

Tsofaffi tukuna, kwamfuta daga baya

Jera sunayen duk wanda ya haura shekara saba'in a dangi, ka fara da wanda ya fi rauni, ba wanda ya fi kusa da gidanka ba. Waya ta ishe ka ɗaukar murya. Ka kashe mata layi don kada kira ya katse ɗauka, ka ajiye ta kusa da bakin mai magana a kan matashi, ka nemi lokacin da gida ya yi shiru, kamar bayan shan jabana, wato kofi, na hantsi. Kafin tambayar farko, kai da bakinka ka faɗi kwanan wata, da garin da kuke, da sunan wanda kake hira da shi da sunan ubansa. In ka tsallake wannan, bayan shekara uku za ka tarar da muryoyi birjik a waya ba ka san ta wa ce ba. Kuma ka sanar da shi kana ɗauka. Ɗaukar muryar tsoho a ɓoye cin amana ne, in ya gano daga baya ya rufe baki ke nan.

Yadda ake tambaya shi ne gwanintar. In ka ce wa tsohuwa "Kaka, lissafo mini 'ya'yan babanki," za ta kawo biyar ta tsaya, ta tsallake waɗanda suka rasu suna ƙanana da waɗanda aka haifa a wani ɗaki. Bi ta ɗaki-ɗaki: "Mata nawa Malam ya aura? Wace ce uwargida? Wa ta fara haifa? Wa ke bi masa? Akwai wanda ya koma tsakaninsu?" Tambayar "wa ke bi masa" ita ce ke fito da jerin haihuwa daidai, domin haka uwa ke riƙe 'ya'yanta a ka. Ka tambayi matan da aka rabu da su, da inda suka sake aure, domin can akwai 'yan uwa na uwa ɗaya da ake mantawa.

Sai maganar alkunya, wadda ke tuntuɓe da masu wannan aiki sosai. Tsohuwar da ta tashi a tarbiyyar da ba za ta kama sunan mijinta ba, ba za ta kama na ɗan farinta ba, sau da yawa har na surukinta. Za ta ce "Malam", ko "mai gidan nan", ko "yaron nan". Kada ka matsa mata. Ka tafi da wata jikarta ko ƙanwarta ta faɗi sunan, ita kuma ta gyaɗa kai. Wannan ne ma ya sa jika ya fi ɗa dacewa da wannan hira: akwai wasa tsakanin kaka da jika. Yaron da zai shigo yana cewa "Amaryata, yau sai kin faɗa mini wa kika fara so kafin tsohon nan," zai fito da labarin da ɗan cikinta ba zai taɓa ji ba. In kai ɗa ne ba jika ba, ka koya wa ɗaya daga cikin yaranka tambayoyin ka tura shi.

Kada zama ya wuce awa guda. Ka koma karo na biyu da abin da ka rubuta ka karanta mata, a nan ne gyara ke fitowa: "A'a, wannan ba 'yar Malam ba ce, riƙonta ya yi." Ka kuma yi hira da mutum shi kaɗai kafin ka haɗa shi da wasu. In ka tara tsofaffi uku a rakuba ɗaya, wato rumfa, tun farko, mai ƙarfin murya ne zai yi magana, sauran su bi shi da "haka ne". Zaman makoki da biki suna tara dangi, amma wurin karɓar lambobin waya ne da sanin wa ke ina, ba wurin ciro littafi ba.

Ga waɗanda suka yi nisa, saƙon murya ya fi kira. Tura tambaya ɗaya ko biyu, ka bar tsoho ya amsa a lokacinsa. Da amsar ta iso ka fitar da ita daga WhatsApp ka ajiye a wani wuri da suna mai ma'ana.

Mutum ɗaya, suna huɗu

Babban abin da ke lalata kundin salsala a wurinmu shi ne a rubuta mutum ɗaya sau biyu, ko a haɗe mutum biyu su zama ɗaya. A ce sunan yanka na kakanka Abubakar. 'Yan uwansa Garba suke ce masa, abokan kasuwa Habu, maƙwabta Larabawa Babikir, jikoki kuma Baba Alhaji. Haka Usman ke zama Shehu, Umar ya zama Sanda, Ibrahim Iro, Yusuf Maitama. A'isha ta zama Indo, Hauwa Kulu, Hadiza Dije, Fatima Binta, Zainab Abu. Ga sunayen rana, Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai da Asabe, waɗanda kan danne sunan yanka har a manta da shi. Ga yaron da aka mayar wa sunan kakansa, ana kiransa Abba ko Baba saboda iyayensa ba za su iya kama sunan ba.

Don haka kowane mutum ka ba shi gurabe dabam-dabam: sunan yanka, sunan da aka fi saninsa da shi, sauran laƙabobi, sai sunan da ke kan takardun hukuma yadda aka rubuta shi da Larabci, ko da kuskure ne. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin magatakardan da ba ya jin Hausa yakan rubuta Garba da ƙaf, wani da jim, wani da gain, kuma ɗ da ƙ da ɓ ba su da gurbi a rubutunsa. Kada ka gyara abin da takarda ta ce. Kwafe shi yadda yake, ka sa daidai ɗin a gurbinsa.

Wasu laƙabobin shaida ne a kan kansu. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo yana bin tagwaye, Auta shi ne na ƙarshe. In ka ga Gambo a jeri babu Hasan da Husaini ko Hasana da Usaina a gabansa, koma ka tambaya. Mai yiwuwa tagwayen sun rasu suna jarirai ba a ambata maka ba.

Ka yi hattara da suna mai huɗu na takardun Sudan, wato mutum da ubansa da kakansa da kakan ubansa. Yana da amfani ƙwarai, amma ba kullum yake bin jini ba. Yaron da baffansa ko kawunsa ya riƙa, sau da yawa da sunan mai riƙon aka sa shi makaranta, daga nan sunan ya bi shi har jinsiyya. Ka buɗe gurbi biyu: uban haihuwa, da wanda ya riƙa. Haka ma shayarwa, ka ba ta gurbinta: wace ce ta shayar da shi, tare da wane ɗa nata. Wannan gurbin wata rana shi zai hana a ɗaura auren da bai halatta ba. Kai dai rubuta abin da aka shaida maka da sunan mai shaidar. Hukuncin na malamai ne.

Shekaru

Kakanninmu ba su riƙe shekarar haihuwa da lamba ba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Aikinka shi ne ka san shekarun manyan abubuwa don ka rataya ƙananan a jikinsu. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, a shekarar ne kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta taso da mutane da yawa daga ƙasar Hausa. An gama madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya buɗe, ya riƙe dubban mahajjata da suka tsaya neman guzuri, wasu har abada. An yi babbar ambaliyar Nilu a 1946, Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairun 1956, Abbud ya karɓi mulki a 1958, jirgin ƙasa ya isa Nyala a 1959, an gama madatsar Rusairis a 1966, Numairi ya hau a 1969, an yi fari da yunwa a 1984 zuwa 1985, ruwa ya ci Khartoum a 1988.

In tsohuwa ta ce "ina goyon wane aka ce Numairi ya hau," ka sami shekarar haihuwarsa da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. In aka ce kaka ya baro Kano zamanin Sarki Abbas, tsakanin 1903 da 1919 ke nan. In zamanin Abdullahi Bayero ne, tsakanin 1926 da 1953. Dikko na Katsina kuwa ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Rubuta "wajen 1969" ko "tsakanin 1926 da 1953", ka kuma rubuta jimlar da ka ciro shekarar daga cikinta. Kada ka ƙirƙiri rana da wata don gurbi ya cika.

Ranar 1 ga Janairu da za ka gani a takardu da yawa ba ranar haihuwa ba ce. Ta waɗanda likita ya ƙiyasta wa shekaru ce, aka ba su takardar tasnin. 'Yan uwanmu na Saudiyya su kuma 1 ga Rajab ake sa musu. Duk inda ka ga ɗayan biyun nan, ɗauki shekarar a matsayin ƙiyasi. In shekarar Hijira ka samu, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa da ta Miladiyya: 1321 za ta ba ka 1903. Amma ka ajiye ta Hijirar yadda ka same ta a gurbinta, domin shekarar Hijira ɗaya takan ratsa shekarun Miladiyya biyu.

Takardu

Bayan baki sai takarda. Nemi jinsiyya ta da, da gasimar aure, wato takardar shaidar ɗaurin aure, da takardun hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, ga waɗanda suka yi noma a Jazira, da tsohon fasfo na aikin hajji, da wasiƙun ajami, da kaset-kaset ɗin da ake aikowa daga Makka kafin zuwan waya. Duba bangon Alƙur'anin gida da gefen littattafan malamai, nan ake rubuta haihuwa da rasuwa. Wadda ta fi duka daraja ita ce takardar kotun shari'a ta tantance magada, domin tana jera matan mamaci da 'ya'yansa gaba ɗaya a rana ɗaya, bisa shaidar mutane. A Sudan akan kafa alama mai suna da shekara a kan kabari, don haka ziyarar maƙabarta takan warware gardama; a Makka da Madina babu wannan.

Kada ka karɓi takardar kowa ka tafi da ita gida. Ɗauki hotonta a gabansa, gaba da baya, a inuwa mai haske ba tare da walƙiyar kyamara ba, ka miƙa masa abarsa. Tsofaffin hotuna kuma ka sa a nuna maka kowa da yatsa, daga dama zuwa hagu, kana rubutawa.

Inda za ka zuba bayanan

Littafi mai kauri shi ne na farko, kuma kada ka raina shi: ba ya bukatar caji. Amma in mutane suka haura ɗari biyu, sai da kwamfuta. Mafi sauƙi shi ne jadawalin Excel ko makamancinsa, layi ɗaya mutum ɗaya. Ka ba kowa lambar da ba za ta taɓa canzawa ba, da harafi a gabanta, kamar Z001, Z002, domin Excel yakan share sifirin farko in lamba ce zalla. A gurbin uba da na uwa, lambarsu za ka sa, ba suna ba. A gidan da ke da Muhammadu goma sha, wannan ne kaɗai zai raba maka su. Kuma da yake auren zumunci ya yi yawa a cikinmu, mace ɗaya za ta fito a matsayin 'yar wane kuma matar ɗan baffanta. Lamba ɗaya za ta riƙe, kada ka sake buɗe mata layi.

Aure ka ba shi shafi nasa: lambar miji, lambar mata, shekara, gari, da yadda ya ƙare, rabuwa ko rasuwa. Shafi na uku na madogara ne: kowace hira da kowace takarda da lambarta, sai ka riƙa nuna lambar a gefen bayanin da ta haifar. Shekara ka rubuta ta lamba zalla a gurbinta, wata da rana a nasu, domin Excel ba ya gane kwanan watan da ya gabaci 1900, kuma yakan juya rana da wata yadda ya ga dama.

In aikin ya girma, akwai manhajar Gramps. Kyauta ce, tana aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba, tana karɓar rubutun Larabci da haruffan Hausa masu lanƙwasa, tana ɗaukar aure fiye da ɗaya da sunaye da yawa ga mutum guda, tana liƙa madogara a jikin kowane bayani, tana kuma zana bishiyar zuriya. Rashin bukatar intanet ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga yadda layukan sadarwa suka ɗauke a Sudan a watan Fabrairun 2024. Irin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan tsarin sunan iyali na Turawa, don haka ka tsai da shawara tun farko cewa sunan uba za ka riƙa sa wa a wannan gurbin, ka bi haka har ƙarshe. Duk manhajar da ka zaɓa, tabbatar tana iya fitar da bayanai a tsarin GEDCOM, wanda kusan duk manhajojin salsala ke karantawa. Shi ne zai ba ka damar ƙaura in wadda kake amfani da ita ta mutu. Shafukan intanet da ke cewa ka ɗora bishiyarka a wurinsu kuwa, ni ban ba da shawarar a zuba rayayyu a ciki ba.

Abubuwan da ke da zafi

A nan ne ake gane ko mai aikin ya cancanci amanar. Za ka tarar da tsohon da ya ƙi faɗin garin da ubansa ya fito, ya dage shi nan aka haifi kakan kakansa. Kada ka ɗauke shi maƙaryaci. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, kuma Hausawa da sauran waɗanda ake kira Fallata sun sha wuya a kan wannan shekara da shekaru. Mutanen da suka rayu cikin wannan hali sun koyi rufe baki don kare 'ya'yansu. Ka tabbatar masa abin da ya faɗa ba zai fita daga dangi ba, kuma ka cika alkawarin.

Cika shi yana nufin kundi biyu. Na ciki, mai komai da komai, yana hannunka da hannun mutum ɗaya ko biyu da manya suka amince da su. Na waje, wanda za a raba wa dangi, sunaye ne da dangantaka kawai: babu lambar ƙasa, babu lambar waya, babu unguwar da rayayye yake zaune, babu hoton mace sai da yardarta. Bayan abin da ya faru da Hausawa a jihar Shuɗin Nilu a 2022, da yadda ake tare mutane a shingaye ana bincika wayoyinsu tun da aka fara yaƙi, jerin sunayen 'yan ƙabila ɗaya da garuruwansu ba abin yawo da shi a waya ba ne. In za ka yi tafiya ta hanya mai shingaye, sauke kundin daga wayarka.

Sai asirin gida: kakar da aka ce baiwa ce ko ƙwarƙwara, ɗan da ake raɗe-raɗi a kan ubansa, auren da aka raba da rigima. Ɗa na mai shimfiɗa ne a shari'a, kuma tsegumi ba madogara ba ne. Kada ka rubuta zargin da zai ɓata nasabar wani, ko da a kundin ciki. Kakar da aka mallaka kuwa uwa ce kamar kowace uwa, ka rubuta sunanta da 'ya'yanta, abin da ya wuce haka ka bar wa zuriyarta su yanke ko a faɗa. Ta ɗaya gefen, kusan kowane gida yana da labarin cewa su jinin sarautar wani gari ne, ko sharifai ne, ko zuriyar Shehu Ɗanfodiyo. Wani gaskiya ne, wani ƙari ne. Kada ka goge, kada kuma ka ƙawata. Rubuta "gidan wane suna cewa", ka kawo sunayen da aka iya jerawa, inda jerin ya yanke ka bar shi a yanke. Cike giɓi da sunayen da ka tsinta a littafin tarihi shi ne mafi munin abin da mai wannan aiki zai yi, domin bayan shekara ashirin ba mai iya bambance ƙirƙirarka da gaskiya.

In riwaya biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyun da masu su. Kai marubuci ne, ba alƙali ba, kuma kada ka yarda a mai da kundin makamin rigimar gado. Mai neman haƙƙinsa ya tafi kotu da shaidunsa.

Rassan yamma da na Hijaz

Don gano dangin da suka rage a Najeriya ko Nijar, sunan babban gari bai isa ba, domin "Bakano" na iya nufin kowane ƙauye a ƙasar Kano. Tambayi sunan ƙauye ko unguwa, sana'ar gidan (malanta, ƙira, rini, fawa, wanzanci, fatauci), irin zanen fuskar kaka, sunayen 'yan uwansa da bai taho da su ba, da hanyar da ya biyo, ko ta Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid ce. Da waɗannan za ka tura wa mai unguwa ko limamin can ta hannun wani amintacce. In wani ya fito ya ce shi ɗan uwanku ne, bar shi ya fara jero sunayen da ya sani kafin ka karanta masa naka.

Reshen Hijaz ya fi sauƙi, domin zumunci bai yanke ba sosai: waɗanda suka haye ta Sawakin ko Bur Sudan suka zauna a Makka da Madina da Jidda. Sai dai can sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi da ke ƙarshen suna na jama'a ne masu yawa, ba ya nuna gida ɗaya kuka fito. Ka kuma rubuta tsohuwar unguwar da suka zauna, domin rusau da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 ya raba maƙwabtan da a da su ne ke nuna gidan wane.

Riƙon kundin

Kwafi uku, a wuri uku, ɗaya a wajen ƙasar: kwamfutarka, filashi a hannun wani ɗan uwa a wani gari, da kwafi mai kalmar sirri wurin na Saudiyya ko Masar ko Kano. Muryoyi da hotunan takardu su bi kundin duk inda ya je. Sunan kowane fayil ya fara da shekara da wata da rana, don ka san wanne ne sabo. Sau ɗaya a shekara ka buga na waje a takarda, ka rubuta kwanan wata a kowane shafi.

Mutum ɗaya ne zai riƙa taɓa ainihin kundin. Kowane reshe ya naɗa wakili, zai fi kyau mace da namiji, masu turo haihuwa da aure da rasuwa. Haihuwa a jira sai bayan suna. Kai kuma ka ware rana ɗaya a wata ka shigar da su, ka rubuta a shafin ƙarshe abin da ka canza da dalili. In an kawo gyara, kada ka share tsohon bayani, ka ja masa layi ka sa sabon a gefensa da sunan mai gyaran. Kuɗin bugawa da filashi da na mota zuwa wurin tsofaffi, a fitar daga asusun dangi in akwai, ka riƙa kawo lissafi ko ba a tambaye ka ba.

Tun a shekarar farko ka ɗauki mataimaki daga wani reshe, wanda ya girme ka ko ka girme shi da tazara, ka koya masa tsarin lambobin, ka rubuta bayanin tsarin a shafi ɗaya ka sa a farkon kundin. Kalmar sirri ka rubuta ta a takarda, ka rufe a ambulan, ka ba babban gida ya ajiye tare da takardun gida. Duk bayan shekara biyu ku zauna kai da mataimakin ku buɗe kowane kwafi ku ga ko yana buɗuwa, ku saurari murya biyu ko uku, filashin da ya fara gardama ku sauya shi a ranar.